Hoton jarida ba hoton biki ba ne, yaro

Wai kana tambaya ko laifi ne ka goge falwayar da ta tsaya bayan mutumin nan a hoton gobarar da ka ɗauko, don ta ɓata maka kyan hoto. In hoton biki ne goge har dangin ango in ka ga dama, na jarida kam ko tsinke kar ka taɓa. Gwanintar ai tun kafin ka danna take, ka matsa gefe, ka durƙusa, ka jira haske. Amma ku yaran yanzu ƙafa ta yi muku nauyi, komai sai ku ce a gyara a Photoshop.

Wallahi tambayar nan ta tayar min da tsohon miki. Wani kamfen da aka yi, yaron wani ɗan takara ya ɗauke ni aikin gangami, filin ko rabi bai cika ba, na hau kan mota na ɗauko abin da idona ya gani, hotuna masu kyau kuwa, ƙura ta tashi ranar yamma na ratsa ta. Ya karɓa ya ba ni rabin kuɗi wai ragowar sai bayan zaɓe. Ashe wajen wani yaro mai kwamfuta ya kai aka ninka jama'ar, wani mai jar hula sai da ya fito wuri uku a hoto ɗaya, aka buga da sunana a ƙasa, sunana fa! A lokacin ina tura wa wani kamfanin dillancin labarai na waje hotuna suna biya da dala, wani ya nuna musu hoton da aka ninka ɗin, na aika da na asalin na yi rantsuwa na yi bayani, suka ce sun ji, daga nan ko waya ba su ƙara yi min ba.

Kuma ban ga laifinsu ba, ka ji. Brian Walski, mai ɗaukar hoto na jaridar Los Angeles Times, hotuna biyu ya haɗa a Iraƙi a 2003 don ya fi kyau, aka kore shi. Adnan Hajj ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut a 2006, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya kwashe hotunansa kaf. Narciso Contreras da ke da rabo a kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida, kyamarar abokin aikinsa kawai ya goge a gefen wani hoton Siriya, kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da shi a 2014. To kai wa?

Ɗan gyaran haske da yanke gefe ba komai, wannan ko ɗan koyo na jiya ya sani, kar ka sa ni ɓata baki. Ka dai riƙe fayil ɗinka na asali, kuma ɗan siyasa ya biya ka cas kafin ya ga hoto. Shi wancan ɗan takarar ya faɗi zaɓen ma, yaron nasa kuma har yau in mun haɗu a wajen jana'iza sai ya kau da kai, ragowar kuɗina na wuyansa.