Kafin ka aika takardar neman karatu a kan kaskar yanyawa

Assalamu alaikum, ƙanena Dakta. Saƙonka ya iso, ina taya ka murnar kammala hidimar ƙasa. Ka ce kana son zuwa Suwidin ko Norwe ka yi digiri a kan cututtukan da kaska ke sa wa farar yanyawa ta yankin ƙanƙara, kuma kana tambaya ko batun zai karɓu a wurin malamai. A yadda ka tsara shi, da wuya. Amma gyara kaɗan yake so.

Kaska ba ta son sanyi. Wadda ta fi yawa a nan Suwidin, Ixodes ricinus, ba ta fitowa neman jini sai zafi ya kai kamar digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana buƙatar laima da ciyawa ko ruɓaɓɓen ganye inda za ta fake. Ita kuwa farar yanyawa tana zaune ne can kan duwatsun arewa, sama da inda bishiya ke tsirowa, wuraren Helags da Vindelfjällen, inda dusar ƙanƙara ke kwana fiye da rabin shekara. Da ƙyar ita da kaska suke haɗuwa. Abin da ya dame ta daban ne: ƙarancin ɓerayen dutse da take ci, da ƙazuwa, da jar yanyawa da ta fi ta girma take hawowa tana ƙwace mata ramuka. Ga kuma doka. Tun 1928 Suwidin ta hana farautarta, Norwe ta bi sahu a 1930, don haka ko ɗigon jininta kake so sai ka bi dogon layin neman izini. Ɗalibin da ke da shekara biyu a hannu ba shi da wannan lokacin.

Jar yanyawa ita ce dabbarka. Tana ko'ina, daga bayan gidajen Upsala, inda nake, har can arewa, ana farautarta bisa doka, kuma mafarauta sun saba aika gawarta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, SVA, a nan garin. Kada ka zo da tunanin za ka yi ta bin yanyawa a daji. Gawa za a kawo maka. Sai ta yi kwanaki a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri kafin a feɗe ta, saboda ƙwan wata tsutsar ciki mai lalata hantar mutum, Echinococcus multilocularis, wadda aka fara ganowa a yanyawar Suwidin a 2011. Daga nan sai a yanki saifa, a duba kunne da wuya a tsinci kaska, sauran aikin duk na gwajin PCR ne, wato gwajin da ke gano cuta ta hanyar ƙwayoyin halittarta (DNA).

Abin da ake samu a saifar yana da ban sha'awa. Akwai Babesia vulpes, 'yar uwar wadda ka sani tana sa shanu fitsarin jini. Yanyawa da yawa a Turai na ɗauke da ita ba tare da sun nuna ciwo ba, amma a arewa maso yammacin Sifen tana kwantar da karnuka, kuma masu bincike na zargin kaskar bushiya, Ixodes hexagonus, wadda ke zama cikin rami. Akwai Hepatozoon canis, wadda kare ke kamuwa da ita idan ya haɗiye kaska, ba idan ta cije shi ba. Kaskar da aka sani da ɗaukar ta ita ce wannan ja-ja-ja ɗin ta karnukan gida, mai son zafi, amma sai ga cutar a yanyawar ƙasashen da kaskar ba ta iya rayuwa a dajinsu. An nuna uwa na iya ba 'ya'yanta tun suna ciki. Da ni ne kai, a nan zan kafa tambayata. Sannan ana duba jinin yanyawa don ganin ko ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa, TBE, domin dabbar da ke yawo a daji ɗaya duk rayuwarta takan nuna inda cutar take tun kafin mutum ya kwanta.

Akwai tarihin da ya kamata ka sani kafin a yi maka tambayoyi. A shekarun 1970 ƙazuwa ta shigo Suwidin ta yi wa jar yanyawa ɓarna ƙwarai. Yanyawa ce ke cin 'ya'yan ƙaramar barewar nan ta Turai, da ta ragu sai barewa ta yi yawa zuwa farkon shekarun 1990. Barewa ba ta sa wa kaska cutar Lyme, wata cuta da mutum ke kamuwa da ita ta cizon kaska, amma a jikinta manyan kaska mata ke shan jinin da za su yi ƙwai. Haɗa wannan da hunturun da ya yi ta raguwa, sai kaska ta yi ta bin gaɓar teku tana hawa arewa. A Holan kuma wani bincike na 2017 ya gano cewa inda yanyawa ke yawan zirga-zirga, ɓeraye ba sa ɗaukar kaska da yawa, wataƙila don tsoro ya hana su yawo, alhali daga ɓera ne 'ya'yan kaska suka fi kwasar cuta. Saboda haka kada ka rubuta cewa yanyawa ce tushen bala'in, malamin da zai karanta zai san ba ka yi bincike ba. Ka kuma ambaci Ixodes persulcatus, kaskar dajin Rasha da Finlan, wadda aka fara samu a tsibiran arewacin Suwidin a 2015. Ta fi jure sanyi.

Na ga ka ɓoye aikin da ka yi kan shanun Fulani a ƙasan takardarka kamar abin kunya. Ɗauko shi ka sa a sama. A bazarar 2018, wadda ta yi zafin da ba a saba ba, mutane suka fara tsintar wasu manyan kaska masu ƙafa rodi-rodi a jikin dawakinsu a Suwidin. Hyalomma ce, har da rufipes da kake cirewa a gindin wutsiyar sa. Tsuntsayen da ke ƙaura daga kudu ne ke ɗauko ta tana ƙarama, da can sanyi ke kashe ta, a wannan shekarar ta samu ta girma. Ita ce dangin da ke ɗaukar zazzaɓin Kirimiya da Kwango, shi ya sa aka ɗauki abin da muhimmanci. Wanda ya tashi yana bambance Hyalomma da Amblyomma, wata kaskar shanun, da ido yana da abin da ɗan Upsala ba shi da shi. Abin da za su so gani a kai shi ne hannu a ɗakin gwaji. In za ka samu 'yan watanni a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ko a Zariya kana ciro DNA kana yin PCR da kanka, ya fi maka kowace wasiƙar yabo.

Batun kuɗi a taƙaice. Digiri na biyu ana biya: Suwidin tun 2011, Norwe tun 2023, ga duk wanda ba ɗan Turai ba. Tallafin karatu na Cibiyar Suwidin (Swedish Institute) ya haɗa da 'yan Nijeriya, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma ana rufe neman gurbin karatu a tsakiyar Janairu. Digiri na uku kuwa aiki ne da albashi, ana tallata shi kamar kowane aiki, sai ka riƙa leƙa shafin jami'ar kimiyyar noma ta Suwidin, SLU. Shaidarka ta likitan dabbobi ba za ta ba ka damar duba dabbar kowa a nan ba sai hukumar noma ta ba ka lasisi, amma bincike bai buƙatar wannan.

Saura jikinka. Mu da muka tashi muna cire wa kare kaska da yatsa mukan raina ta nan, don matashiyarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ita ce kuwa ta fi cizon mutane, tun daga Maris har Nuwamba. Yankin Stokhom da Upsala da tafkin Mälaren na cikin wuraren da TBE ta fi yawa, a 2023 kusan mutum 600 aka samu da ita a ƙasar. Ba ta da magani, sai rigakafi: allura 3, biyun farko kafin ka fara shiga daji, ta ukun bayan wasu watanni, kuma babba yawanci shi ke biyan kuɗinsa in ba wurin aiki ya ɗauke masa ba. Lyme kuwa tana da magani, kuma galibi sai kaska ta kwana ta wuni a jiki kafin ta sa maka ita. Matsalarmu ita ce alamar da likitoci suka dogara da ita, jan zobe mai faɗaɗa a wurin cizo, ba ta fita sosai a baƙar fata, takan zo kamar wuri ya ɗan ƙara duhu. Don haka ka cusa wando cikin safa, ka duba bayan gwiwa da hammata da matsematsi in ka dawo, ka cire ta da matsefata daga can gindi ba tare da shafa mata mai ba, ka rubuta ranar. In ka je asibiti da zazzaɓi, ka faɗa da bakinka cewa kaska ta cije ka, don da jin daga Nijeriya kake za a fara neman maleriya.

Ka sake rubuta shafin farko a kan jar yanyawa da iyakar kaska ta arewa, ka turo mini kafin ƙarshen Nuwamba in duba. Ka gaida su Hajiya.