Kun Tambaya: Hular Kwano ga Sabon Mai Babur

Wasiƙun wannan karon daga Gombe da Bauchi suka fito, kuma duk a kan hular kwano suke. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An tura ni koyarwa Kumo, gidana kuma yana Pantami, shi ya sa na sayi Boxer. Na shiga kasuwa neman hular kwano na tarar da iri-iri: mai rufe fuska duka, mai buɗaɗɗiyar fuska, da wata 'yar ƙarama kamar ƙwarya. Mai shago ya ce duk ɗaya ne, kuɗi ne kawai ya bambanta. Wacce zan ɗauka? (Malamin makaranta, Pantami, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Mai shago kasuwarsa yake ci, amma ba ɗaya ba ne.

Fara da sanin abin da ke cikin hular. Ɓawon waje aikinsa ya baza ƙarfin bugu kada ya taru wuri ɗaya, ya kuma zame a kan kwalta maimakon ya cije. A ƙarƙashinsa akwai wani farin soso mai tauri, dangin wanda ake tallafe sabon firji da shi a cikin kwali, kuma shi ne ainihin hular. Idan kai ya daki ƙasa, ƙoƙon kai yakan tsaya cak, ƙwaƙwalwa kuwa ta ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi daga ciki. Ta haka jini ke zuba a cikin kai ko da ba a ga ƙwarzane a waje ba. Farin soson nan shi ke murƙushewa ya shanye bugun. Yadi mai laushin da ke taɓa fata na tsotse gumi ne kawai.

Saboda haka a shago, ɗaga yadin ciki ka leƙa. Farin soson ya kai kaurin inci ɗaya, wato santimita 2 da rabi, kuma idan ka danna da babban yatsa kada ya lotsa kamar katifa. In soson kujera ka tarar, ko ɓawo tsirara da ɗan yadi, ajiye masa kayansa. Jinjina ta a hannu: mai rufe fuska ta gaske takan kai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka, wadda ba ta wuce rabin kilo ba kwalliya ce. Kama gefe da gefe ka matsa, idan ta lanƙwashe kamar robar wanki ba ta yi ba. Sannan fizgi igiyar haɓa da ƙarfi ka ga inda aka kafe ta. Ƙusar ƙarfe ya kamata ta riƙe ta a jikin ɓawon. Wadda aka ɗinke a jikin yadi, ranar da ake bukatarta ranar za ta tsinke.

Sai tambari. Hular da ta ci gwajin Turai tana da ɗan ƙyalle a ɗinke jikin igiyar haɓa, da harafin E a cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da ita, misali E1 Jamus, E3 Italiya. Doguwar lambar da ke kusa da shi tana farawa da 05 ko 06, kuma 06 ne sabon ma'auni. Duba harafin da ke tare da lambar: P na nufin an gwada ƙarfin haɓar, NP na nufin haɓar ado ce, J kuma buɗaɗɗiyar fuska. Hulunan Indiya na ɗauke da tambarin ISI da lamba IS 4151. Na Amurka sitika ce ta DOT a ƙeya, kuma ita muka fi yi wa kallon hadarin kaji, domin kamfani ne da kansa ke shaidar cewa kayansa sun cika ƙa'ida, sitikar kuma kowane mai injin buga takarda zai iya yin ta. Idan tambari ya ce e, nauyi da kaurin soso suka ce a'a, bi maganar soso.

Game da iri, kai da za ka riƙa bin hanyar Gombe zuwa Kumo, inda manyan motocin Yola ke wucewa, mai rufe fuska har haɓa ita ce taka. Binciken haɗurra da aka yi a Jamus ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha a wajen haɓa yake sauka. Mai buɗaɗɗiyar fuska tana kare ƙoƙon kai da ƙeya, ta bar muƙamuƙi da haƙora ga kwalta. 'Yar ƙaramar nan kuwa ko ƙeya ba ta rufewa, mu ba ma lissafa ta. In da zaɓi, ɗauki fara ko ruwan ɗorawa: direba ya fi hango ta da magariba, kuma ba ta jan rana kamar baƙa.

TAMBAYA: Hula lamba 22 da rabi nake sawa. Wace lamba ce tawa a hular kwano? Kuma zan iya ɗora ta a kan hulata, tunda ofis nake zuwa? (Ma'aikaci, Yelwa, Bauchi)

AMSA: Lambar hula da inci ake ƙirga ta, inci 22 da rabi kuma santimita 57 ne, wato M. Amma kada ka dogara da wannan, domin hula takan zauna sama da inda hular kwano ke kamawa. Ari tef ɗin tela, ka zagaya kai da shi santimita 2 sama da gira, ta saman kunnuwa, ya bi ta inda ƙeya ta fi tudu. Auna sau uku ka ɗauki mafi girma. Galibi 55 zuwa 56 S ne, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Awon zai nuna maka wadda za ka fara gwadawa ne kawai, don wani kan zagayayye ne, wani mai ƙeya ne, kamfanoni kuma kowa da ƙirarsa. Hular kwano ba a aike a sayo.

Kama igiyoyin biyu, ka ɗan buɗa bakin, ka zura kai. Sabuwa dole ta ɗan yi gardamar shiga, ta matse kumatu. Ɗaura igiya, ka riƙe hular da hannu biyu ka juya ta dama da hagu. Fatar goshi da kumatu su bi ta. In ita kaɗai ke yawo a kanka, ta yi yawa. Sunkuyar da kai, wani ya kama ta ta ƙeya ya ja gaba kamar zai tuɓe ta. In ta fita ko ta rufe maka ido, nemi ta ƙasa da ita. Daga nan zauna da ita a shagon minti 15, ko mai shago zai yi tsaki. Matsi ko'ina daidai ba laifi, soson kumatu zai saki cikin 'yan makonni. Amma wuri ɗaya da ke zafi a goshi ko saman kunne ba ya saki, ƙirar ce ba ta kanka ba.

Kuskuren da sababbin mahaya suka fi yi shi ne sayen babba don iska ta shiga. A kan gudu iska na ɗaga ta, a faɗuwa kuma takan riga mai ita isa ƙasa. Haka wadda ba a ɗaure ba. Igiya ta kwanta ƙarƙashin muƙamuƙi, yatsa ɗaya ko biyu kaɗai su iya shiga. In mai zobba biyu ce, zura igiyar ta cikin duka biyun, ka dawo da ita ta tsakaninsu, ka ja.

Batun hula, a'a. Zanna ko kube a ƙarƙashi na ɗaga hular kwano daga mazauninta, ta sa ta zamewa. Sa ta a leda cikin jaka, ka kafa abarka a ƙofar ofis.

TAMBAYA: Ni ɗan acaba ne, wata biyu da farawa. Gaskiya zafi ne ke hana mu sawa, kuma abokan aiki sun ce tana toshe kunne da ganin gefe. (Ɗan acaba, Bajoga)

AMSA: Ɗan'uwa, zafin ba ƙarya ba ne. A watan Maris da Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke kusantar 40, wuni cikin hula aiki ne. Nemi mai ƙofofin iska a haɓa da goshi da mafita a ƙeya, kuma ka leƙa ka tabbatar ramin ya ratsa farin soson, don a wasu hulunan ƙofar zane ce kawai. A cikin gari ɗaga gilashi kaɗan. Ɗan siririn ƙyallen auduga a kai, a jiƙe in rana ta take, yana taimakawa ƙwarai. Idan duk da haka mai rufe fuska ta gagare ka, mai buɗaɗɗiyar fuska da ta sauko ta rufe kunnuwa da ƙeya, a ɗaure, ta fi mai rufe fuskar da ke rataye a kan babur. Abin da ba za ka yi ba shi ne huda ta da ƙusa don iska, daga ramin ɓawon ke tsagewa.

Ganin gefe kuwa, ma'aunin Turai da na Amurka duk sun wajabta a bar wa ido digiri 105 ta kowane ɓangare, wanda ya ishe ka ganin mai shigowa ta gefe. Kunne kuma ƙugin iska take ragewa, hon za ka ji shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa sa hula yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kashi 69.

Abin da ke toshe gani da gaske shi ne gilashin da ya karce. A hunturu ƙura na kwanciya a kansa, ka goge da hannun riga a bushe, ka kankare shi kenan, da dare fitilar mota ta tarwatse maka a ido. Zuba ruwa tukuna, sannan ƙyalle mai laushi. Baƙin gilashi na rana ne, kada magariba ta same ka da shi. Fasinja masu ƙyamar hular haya saboda makero ko ƙwarƙwata suna da hujja, don haka wanke yadin ciki duk mako da sabulun wanka, ka shanya a inuwa.

TAMBAYA: Na ga wata ta gwanjo, ƙirar Turai, ta fi sababbin kasuwa kyau da araha. In saya? (Ɗalibi, Azare)

AMSA: Farin soso sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, ɓawon waje kuma na iya zama garau yana ɓoye ɓarnar. Ba ka san ko faɗuwa ce ta raba hular da mai ita na farko ba. Ga kuma shekaru: masu ƙera ta kan ce a sauya bayan kamar shekara 5 ana amfani, kuma sau da yawa ranar ƙira na nan a sitika ƙarƙashin yadin ciki. Sabuwa mai matsakaicin kuɗi da tambarin gaske ta fi mana ita.

Wannan hukuncin ya hau kan taka hular ma. Ranar da ta daki ƙasa da kanka a ciki, ta gama aiki. In daga kan kujerar babur ta faɗo ba kowa ciki, duba tsagewa, galibi ba komai. Kada ka kifa ta a kan madubi, bakinsa na lotsa soson, kada kuma ka ajiye ta a bakin tanki ko ka yi mata fenti. Ɗiga fetur a kan ɓallin soson firji ka ga yadda yake narkewa, za ka gane dalili.

TAMBAYA: Roba-roba nake hawa zuwa aiki. Yaya zan haɗa hular kwano da hijabi? (Ma'aikaciyar jinya, Bauchi)

AMSA: 'Yar'uwa, suna haɗuwa lafiya. Yi awon kai da siririn hijabin da za ki riƙa sawa, kuma da shi za ki gwada hular. Banda allura ko fil a ka, banda ɗaurin ɗankwali mai tudu, gashi kuma a kwantar da shi ƙasa wajen wuya maimakon a tara shi a ƙeya. In kitso ya sauya girman kanki, sake gwajin juyawar nan da muka faɗa a sama. Igiya ta bi ta kan hijabi ta kama muƙamuƙi. Sai abin da ya fi ba mu tsoro: bakin dogon hijabi da ke lilo kusa da ƙafar baya. In ta naɗe shi, ta wuya yake fizgo mutum. Tattare shi ki zauna a kai kafin ki tayar.

TAMBAYA: Ina da hular da muke sawa a wurin gini. Ba za ta wadatar ba? (Birkila, Dukku)

AMSA: Ba za ta yi ba. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da farin soso, kuma tun kafin ka kai ƙasa ta bar kanka. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hula a watan Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaba suka riƙa kifawa don su wuce jami'ai. A kan babur, hular gini ba ta fi ƙwaryar da yawa ba.

TAMBAYA: In mun tarar da wanda ya faɗi da hula a kansa, mu cire masa? (Direba, Alkaleri)

AMSA: In yana numfashi, a bar ta. Mai yiwuwa ƙashin wuya ya taɓu, fizgar hula kuma na iya shanye masa jiki har abada. Ɗaga gilashi, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, a hana jama'a ɗaga shi zaune ko ɗura masa ruwa, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Sai in numfashi ya tsaya ko amai na shaƙe shi ake cirewa, kuma aikin mutum biyu ne: a kwance igiya ko a yanke ta, ɗaya ya tallafe ƙeya da muƙamuƙi ta ƙasa, ɗayan ya buɗa gefen hular ya zare ta a hankali, ya ɗan karkata ta don ta tsallake hanci. A tafi da hular asibiti tare da shi, inda ta fashe zai nuna wa likita wurin da bugun ya sauka.