Inabi zai yi a ƙasar Maraɗi?

Malam, ka ce kana son dasa inabi a gonarka, kana tsoron ko sai ƙasashen sanyi irin Faransa yake yi.

Gaskiya can inabi yana samun hutun hunturu, ganye ya zube, itacen ya yi barci. Ƙasarsu ma ta dace: a wasu sassan yankin Bordo tsakuwa ce, ruwa ba ya kwanciya. Abin da saiwar inabi take so ke nan. Mu a nan babu wannan sanyi, amma manoman Nashik a Indiya, duk da zafinsu, suna samun amfani ta hanyar yi wa itacen aski, wato datse rassansa, sau 2 a shekara.

Jigawarmu ba ta riƙe ruwa, wannan alheri ne, sai dai tana son taki da ban-ruwa kullum. Kada ka kai shi cikin laka ta gulbi, saiwa za ta ruɓe. Na ga wanda ya bar nasa ya yi ƴaƴa da damina, raɓa ta ɓata su, duk suka yi baƙi. Ka yi aski bayan damina, ƴaƴan su nuna da rani.

Kafin ka sayi dashe, je INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a Tarna kusa da Maraɗi, su duba maka ƙasar.