Idan Kamfanonin Jiragen Sama Biyu Suka Haɗe, Wane Matuƙi Ne Gaba da Wane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce idan kamfanonin jiragen sama biyu suka haɗe a Amurka, matuƙansu kan kwashe shekaru suna shari'a a kan wanda ke gaba da wani. Ni ban ga abin rigima ba. Me zai hana a jera kowa bisa ranar da ya kama aiki, a huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan shawara taka ita ce kowa ke fara kawowa, kuma ita ce ta fi haddasa rigima. Amma sai ka san darajar lambar daɗewa a aiki tukuna.

Ranar da matuƙi ya kama aiki ana ba shi lamba a jerin daɗewa na kamfanin. Da ita yake neman komai: irin jirgin da zai tuƙa, garin da zai zauna, ranakun hutu, da lokacin da zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu, ta kyaftin, inda albashi ke tsalle. In kasuwa ta lalace, daga wutsiyar jerin ake fara tura mutane gida ba albashi. Kuma lambar ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 20 in ya koma wani kamfani, ƙarshen layi zai tsaya. Ritaya dole ce a shekara 65, don haka duk shekarar da ta wuce a kujerar dama ba a rama ta.

To, ɗauki misali. Ga tsohon kamfani da ya daɗe yana rage jirage, inda mai shekara 16 a aiki har yanzu mataimaki ne, ko ma yana zaune a gida an dakatar da shi. Ga kuma sabon kamfani mai haɓaka, inda mai shekara takwas ya riga ya zama kyaftin. In aka bi ranar kama aiki zalla, na gidan nan zai taso ya zauna a saman kyaftin ɗin, duk wata dama da ta buɗe ya riga shi. Kyaftin zai ce: kai ba ka kawo kujera ba, ni na kawo. Ɗayan zai ce: shekaruna 16 fa, a banza suka tafi? Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma abin da ya sa lamarin ke da ɗaci ke nan.

Kusan haka ya faru lokacin da US Airways da America West suka haɗe a 2005. Aka kai maganar gaban mai raba gardama George Nicolau, ya yanke hukunci a 2007. Ya ajiye manyan matuƙan US Airways kimanin 500 a sama saboda manyan jiragen ƙetare da suke tuƙawa, ya gauraya sauran, sannan ya sa waɗanda ke zaman dakatarwa a ƙasan matuƙan America West masu aiki. Mutanen US Airways, da yake sun fi yawa, suka ce ba su yarda ba. A 2008 suka fice daga ƙungiyar matuƙa ta ALPA, suka kafa tasu mai suna USAPA. Shekara da shekaru jirage na ɗauke da suna ɗaya da fenti ɗaya, amma matuƙan tsohon US Airways da na America West ba sa zama tare a gaban jirgi. Har American Airlines ta haɗe da kamfanin a 2013 ba a warware ba, sai a 2016 aka sami jeri guda.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda a ganina ya fi muni: a kwashi mutanen kamfanin da aka saya a manna su a wutsiya. Da American ta sayi TWA a 2001, matuƙan TWA sama da 1,000 aka yi wa haka. Harin 11 ga Satumba na zuwa, rage ma'aikata ya faɗa kansu. Wannan ne ya sa sanatocin jihar Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka tsaya har aka yi doka a ƙarshen 2007. Ta farfaɗo da ƙa'idar da aka kafa a 1972 wajen haɗewar kamfanonin jiragen Allegheny da Mohawk: a haɗa jerin cikin adalci da daidaito, in an kasa jituwa a je gaban mai raba gardama. Dokar ba ta ba da lissafi ba. In ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar ɓangarorin biyu, tsarinta na cikin gida ake bi.

Abin da masu raba gardama ke aunawa a yau uku ne: daɗewa a aiki, matsayin da mutum yake kai da irin jirginsa, da kuma inda aikinsa ya dosa da ba a yi haɗewar ba. Na ukun nan ne ke cin lokaci, domin kowane ɓangare zai zo da masana lissafi su nuna cewa kamfanin ɗayan dama mutuwa zai yi. Daga nan sai a raba jerin rukuni-rukuni, kyaftin na manyan jirage da takwarorinsu, mataimaka da mataimaka, a saƙa su bisa kaso, misali uku daga nan, biyu daga can. Akan ƙara da shinge na wasu shekaru, a ce jirgi kaza na mutanen da suka zo da shi ne, kuma ba a tayar da kowa daga kujerar da yake kai.

Ni ina tare da wannan hanya, ko da yake ba ta faranta wa kowa. Ranar kama aiki tana yin daidai ne kawai in kamfanonin sa'o'in juna ne a shekaru da lafiya. Delta da Northwest sun yi dabarar da nake so a riƙa koyi da ita: matuƙan suka amince da yarjejeniyar albashi guda tun kafin a fitar da jerin, suka kuma ɗaure kansu da hukuncin masu raba gardama. Haɗewar ta kammala a Oktoban 2008, jerin ya fito a Disambar shekarar. United da Continental kuwa, da suka haɗe a 2010, sai a 2013 suka sami nasu.