Hukuncin dabarun riƙe shugabanci: haɗa faɗa, 'yan rahoto da rabon kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban wata ƙungiya, wa'adina ya kusa cika, kuma ina son in zarce. Mashawartana sun ce in haɗa mataimakana biyu faɗa don kada su haɗe mini kai, in dasa masu kawo mini rahoton abin da ake faɗa a bayan idona, sannan in yi wa masu zaɓe alheri daga asusun ƙungiya. Hujjarsu ita ce yaƙi ɗan zamba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asali dai neman shugabanci abin ƙi ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya roƙi mulki, domin wanda aka ba shi don ya roƙa ana barin sa da shi, wanda kuwa aka ba shi bai roƙa ba ana taimakon sa. Malamai sun keɓe wanda ya san ya cancanta, kuma in ya janye amana za ta faɗa hannun wanda zai tozarta ta, kamar yadda Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa (Yusuf: 55). In haka halinka yake, kuma tsarin ƙungiyarku ya yarda da zarcewa, tsaya takara.

Hujjar mashawartanka kuwa ba ta hau ba. Hadisin "yaƙi yaudara ne" ingantacce ne, amma a kan abokin gaba a fagen fama yake magana. Waɗanda ke ƙarƙashinka amana ce a wuyanka, kuma hadisin Ma'aƙil ɗan Yasar ya nuna shugaban da ya mutu yana ha'intar mabiyansa Allah ya haramta masa Aljanna.

Haɗa mataimaka faɗa haramun ne, domin ba ya yiwuwa sai da annamimanci, kuma shi ne salon da Alƙur'ani ya jingina wa Fir'auna, wanda ya mayar da mutanen ƙasarsa ƙungiya-ƙungiya (Ƙasas: 4). Dubi yadda abin yake tafiya: ka keɓe da wannan ka ce wancan yana sukarsa, gobe ka keɓe da wancan ka juya zancen. Daga nan kowanne zai riƙa ɓoye wa ɗan'uwansa takardu da bayanai, aikin da ke buƙatar sa hannunsu biyu ya tsaya, ƙananan ma'aikata su rabu gida biyu. Ranar da suka zauna suka gwada maganganunka, haɗin kan da kake tsoro shi ne zai tabbata, kuma a kanka.

Batun rahoto yana buƙatar rarrabewa. Bin diddigin aiki wajibi ne: duba littafin kuɗi a lokacin da kowa ya sani, neman rasidin duk abin da aka kashe, buɗe ƙofar ƙorafi tare da sauraron wanda ake ƙara kafin yanke hukunci. Amma dasa mutum ya saurari hirar mutane ta sirri shi ne tajassusin da aka hana (Hujurat: 12). Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi (SAW) ya ce in ka bibiyi asirin mutane za ka lalata su. Ɗan rahoto ma da labari yake cin abinci, in ya rasa sai ya ƙirƙira.

Kyauta daga asusun ƙungiya don a zaɓe ka laifi biyu ne, cin amana da rashawa. Kada a ruɗe ka da raƙuma ɗari-ɗari da Annabi (SAW) ya ba wasu manyan Larabawa bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira. Wannan don lallashin zukata zuwa Musulunci ne, an yi shi a fili, ba don kujerar wani ba.

Abin da ya halatta gare ka yana da yawa: bayyana ayyukanka ba tare da ƙari ba, ɗora masu ƙarfi da amana kan muƙamai ko da ba naka ba ne, shawara kafin zartarwa, rufe sirrin shirin da bai nuna ba, da kyautata wa masu adawa daga aljihunka ba tare da sharaɗin ƙuri'a ba. Duk dabarar da ba za ka iya faɗar ta a gaban taron ƙungiya ba, ka tsaya ka tambayi hukuncinta kafin ka aikata. In kuma ka riga ka taɓa asusun, mayar da kuɗin yana cikin sharuɗan tubarka.

Wallahu a'alam.