Zaki ba ya shiga tanti, sanyi da biri ne ke shiga

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na taso daga Apapa na samu zama. Ka ce mai shirya muku tafiya ya ce a tanti za ku kwana a Masai Mara, gandun namun dajin nan na Kenya, amarya kuma ta kafe ba za ta kwana cikin tampol zakuna na kewaya ta ba. Na ga 'yan'uwa sun mai da abin raha, har da mai cewa ka kai ta Lekki ta ga birai ku dawo gida. To ni na je, ni da uwargida, a watan Agustan 2024, muka yi kwana uku, kuma ita ma da irin wannan tirjiyar aka tafi.

Ku fara cire tantin Mina daga ranku, don na san shi take hangowa. Namu an kafa shi ne a kan dandamalin katako, tsayinsa ya wuce ka miƙa hannu ka taɓa sama. Gado ne sosai da katifa, da tebur, da fitilar sola, ga bayi da wurin wanka a ciki ta baya. Sai dai bangon yadi ne mai kauri, ƙofa da tagogi duk zif ne da raga. Ruwan wanka kan sai ka faɗa tukuna, su ɗora shi, su juye a wata jakar ruwa da ke rataye a waje, ka buɗe famfo ta ciki. Bai fi bokiti guda ba, amma mutumin Agege ai ba a koya masa tattalin ruwa.

Maganar zaki kuwa, masu aikin wurin suka ce dabba kallon tanti take kamar dutse ko suri matuƙar yana zuge. Abin da suka fi ja mana kunne a kai shi ne fita da dare. Sansaninmu ba shi da shinge, saboda haka da magariba ta yi ba ka taka ko'ina kai kaɗai. Tocila za ka haska daga bakin ƙofa, sai wani Bamasaye, ɗan ƙabilar yankin, ya zo da mashinsa, lulluɓe da jan mayafi, ya raka ka wurin cin abinci ya dawo da kai. Shi dorina da ɓauna yake dubawa a hanya, don dorina da dare take fitowa daga kogi kiwo.

Daren farko ban runtsa ba, kuma ba tsoro ne ya fara hana ni ba. Shekarata ashirin a Legas, kunnena ya saba da janareton maƙwabta da hon ɗin danfo, sai ga ni a inda babu ko ɗaya. Can wajen ƙarfe biyu kura ta fara kuka, wata ta amsa mata daga tsallaken ruwa. Sai kuma wani gurnani mai nauyi, irin wanda a ƙirji kake jin sa kafin kunne. Uwargida ta damƙe hannuna, babu abin da ke fita bakinta sai Ayatul Kursiyyu. Da safe direbanmu ya yi dariya, ya ce wannan zakin ya fi kilomita uku da mu, amma wadda muka ji tana tsinkar ciyawa daf da kanmu dorina ce, ya nuna mana sawunta a laka, taku kaɗan da igiyar tantin. Dare na biyu ita ce ta ce in zuge yadin taga a bar raga kawai, tana so ta ji da kyau.

Sanyi ne ya ba mu kashi. Wurin tudu ne, ya haura mita 1,500 daga teku, kuma Yuli da Agusta lokacin sanyinsu ne. Ni da 'yar shadda ta da hula na je, wai ai Afirka ce. Da na shiga bargo ƙafata ta taɓa wani abu mai ɗumi da laushi, na yi tsalle har na ture fitila, ashe gorar roba ce ta ruwan zafi suke sa wa baƙi a gado. Ana fita kallon namun daji wajen ƙarfe shida na safe a mota buɗaɗɗiya, iska na dukan fuska kamar hunturun Jos. Ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da safa da hular sanyi.

Sallah ba ta ba mu wahala ba. Alwala a cikin tanti, ka tafi da 'yar butarka. Abin da zai ruɗe ka alƙibla ce: a can arewa ake fuskanta, a ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ɗin da muka saba ba. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Abinci ka sanar da su tun kafin ku iso cewa ku Musulmi ne, ka tambayi inda suke sayen nama. Mu mun fi kifi da wake da shinkafa da capati, uwargida kuma ta tafi da yajinta, shi ya cece mu, don girkinsu salam yake.

Sakacin da na yi shi ne barin dabino da gyaɗa a kan tebur, na zuge zif bai kai ƙasa ba. Muna dawowa da rana muka tarar biri ya shiga ya yi biki, har man goge baki ya matse a kan dadduma. Sun iya jan zif da hannunsu, shi ya sa ake ɗaure bakinsa. Kada ku ajiye abin ci a ciki.

Ta fuskar hanya, Kenya Airways na tashi kai tsaye daga Legas zuwa Nairobi, awa biyar da ɗoriya. Kada ka manta katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Kada kuma ku cusa kaya a baƙar leda, Kenya ta haramta ta tun 2017. Daga Nairobi ko mota, awa biyar zuwa shida ta garin Narok, ko ƙaramin jirgi daga filin Wilson, ƙasa da awa guda, amma kilo 15 kacal ake yarda da shi kuma a jaka mai laushi. Ka faɗa wa amarya wannan tun yanzu, kafin ta ciko akwatin lefe.

Kuɗi dai akwai su. Lokacin da muka je, shiga gandun kaɗai dala 200 ne kowane mutum a rana, daga Janairu zuwa Yuni kuma 100. Ka sa mai shirya tafiyar ya rubuta maka ko yana cikin abin da ka biya. Namu bai faɗa ba sai a bakin ƙofa, muka yi ta cacar baki a waya. Dala 200 ɗin daga Yuli zuwa Disamba ne, amma an fi tururuwa daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garken nyumbu, wasu namun daji masu gemu da kama da shanu, ke shigowa daga Serengeti ta Tanzaniya suna tsallaka kogin Mara, kadoji na jiran su. Mun yi awa huɗu a bakin kogin, suka taru dubbai, suka leƙa ruwa, suka juya abinsu. Wanda ya yi maka alkawarin za ka ga tsallakawa, cika baki yake. Zaki, giwa, raƙumin dawa da jakin dawa kam har sai kun gaji da ɗaukar hoto. Damisa sau ɗaya muka hango ta a kan reshe, karkanda ko ƙeyarta.

Wani ya ce me zai hana Yankari. Na je can ma, ruwan Wikki babu irinsa, kuma ba a canjin dala. Amma ɗakunan bulo ne, kuma dajin da duhuwa, sai ka yi sa'a ka ga giwa. Idan kwanan tantin ne ya hana amarya sakewa, ka nemi sansani mai shinge ta wajen ƙofofin gandun na Talek ko Sekenani, sun ma fi araha. In kuma tana so, ka turo saƙo ta gefe in haɗa ta da uwargida su yi magana, ita ce yanzu ke damuna da yaushe za a koma.