Su wane ne iyayen Jon Snow a littafi?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko littattafan George R. R. Martin sun tabbatar cewa Jon Snow ɗan Rhaegar Targaryen da Lyanna Stark ne, kamar yadda shirin Game of Thrones ya nuna. A'a, ba su tabbatar ba tukuna. Har ƙarshen littafi na biyar, wanda ya fito a 2011, ɗan da Ned Stark, yayan Lyanna, ya haifa a waje ake ɗaukarsa, ana raɗe-raɗin Wylla ko Ashara Dayne ce uwarsa. Amma ni na gamsu da hasashen cewa ɗan Rhaegar da Lyanna ne.

Abin da ya gamsar da ni da na maimaita littafi na farko shi ne mafarkin Ned yana kwance da karaya a ƙafa: dogaran sarki uku suna gadin hasumiyar da Lyanna take kwance cikin jini, alhali Rhaegar da mahaifinsa Sarki Aerys duk sun mutu. Wa suke tsaro in ba jinin sarauta ba? Sai dai kada ka ɗora masa sunan Aegon da shirin ya ba shi, domin a littafi na biyar akwai wani saurayi da ake cewa shi ne Aegon ɗan Rhaegar.